Ana sauya kwatangwalo, amma ɗiyanmu na tsufa bisa tabarma



Yau maganar ƙugu za mu yi. Ba ciwon bayan da manomi ke kwana da shi lokacin noman farko muke nuhi ba, wannan da an huta kwana biyu ya wuce. Muna nuhin mahaɗar nan da ke tsakanin ƙashin cinya da kwatangwalo, wadda in ta lalace mutum ya shiga uku. Da wuya a samu unguwar da ba ta da mai irin wanga ciwo. Saurayi ɗan shekara 22 na tahiya kamar dattijo, yana jan ƙafa ɗaya. Yarinya ta bar lakwal saboda ba ta iya taka nisan da ke tsakanin gida da aji. Tsohuwa ta zame a makewayi, tun ranar ba ta sake tsayuwa ba. Mu kuwa abin da muka iya shi ne "Allah ya ƙara sauƙi", mu aje jikka guda ƙarƙashin matashi, mu hita.

Addu'a gaskiya ce, gaisuwar mara lahiya kuma lada ce. Amma akwai abin da yawancinmu ba mu faɗa wa waɗanga mutane, ƙila don mu ma ba mu ji ba: wagga mahaɗa ana cire ta a sa wata, kuma mutum ya tashi ya yi tahiya. Sama da shekara 60 ke nan ana yin haka a duniya.

Ga yadda wurin yake. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune cikin wani rami a jikin kwatangwalo, kamar kan taɓarya cikin turmi. Duka biyun an lulluɓe su da guringuntsi mai santsi, shi ya sa muke tahiya da gudu da tsugunno ba mu jin komai. In guringuntsin ya cinye, ko kan ƙashin ya ruhta, sai ƙashi ya dinga gugar ƙashi. Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ba. Zahin yakan fara a matsematsi, ya gangaro gaban cinya har gwiwa. Mutane da yawa ma gwiwar suke ta yi wa magani, ana shafe-shafe ana ɗaure-ɗaure, alhali ɓarnar tana sama.

A Turai galibi tsufa ke kawo wanga. A wurinmu labarin daban ne, kuma shi ya sa muka ɗauko maganar. Mai kwatangwalon da ya mutu a nan sau da yawa yaro ne, kuma ciwon emasi ne ya kashe shi, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke cewa sikila ko amosanin jini. Jajayen ƙwayoyin jinin mai emasi kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Kan ƙashin cinya kuwa hanyoyin da ke kai mishi jini ba su da yawa. In suka toshe, ƙashin ya mutu a ciki, sannu sannu ya ruhta kamar soron da damina ta jiƙa. Sau da yawa kuma ba gehe ɗaya ba ne, duka biyun ne. Hukumomin lahiya na ƙasarmu kan ce kusan mutum 1 cikin 4 na ɗauke da irin emasi a jininsa. To ku yi lissahi da kanku: gida nawa ke da yaron da ya gada ta wajen uwa da uba?

Akwai kuma wanda mu muke saye da kuɗɗinmu. Ƙwayoyin ƙiba da wasu mata da 'yan mata ke sha don su cika ido kahin biki, irin su deksa da ake tallansu bisa tire a tasha da kasuwa, suna cikin magungunan da likitoci suka daɗe da sanin suna kashe kan ƙashin cinya in an daɗe ana shan su. Ana neman ƙugu, ana kashe ƙugu. Mai tallan ba zai faɗa miki ba, don shi ma bai sani ba. Sai a ƙara da haɗarin babur da ya zama ruwan dare, da tarin huka da kan sauka cikin ƙashi, da ciwon mahaɗa na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba.

Na dattawa kuma karaya ce. Wuyan ƙashin cinya ya karye daga 'yar faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba. A nan dole mu yi maganar maɗora, kuma da girmamawa za mu yi ta. Gidajen ɗori sun yi wa ƙasar nan aiki tun kahin a gina likita ta farko, kuma babu dangin da ba su da wanda aka ɗora wa hannu ko ƙafa ya warke. Amma wagga karaya tana can cikin mahaɗa, ƙarƙashin tsoka mai kauri, inda kara da tsumma ba su kai wa. Ƙari kan haka, karayar kan tsinke hanyar jinin, don haka ko an jera ƙashin daidai sau da yawa ba ya kamawa. Tsoho ya kwanta wata uku yana jiran ɗori ya kama, bayansa ya yi gyambo, huhunsa ya kamu, jini ya daskare a ƙafa. Sai mu ce kwana ya ƙare. Kwana na hannun Allah, ba mu musu, amma likitocin ƙashi so suke su yi wa irin wanga tsoho aiki cikin kwana ɗaya ko biyu, su tsayar da shi, don sun san kwanciyar ce ke kisa. Maɗorin da ya san aikinsa, in ya ga tsohon da ya faɗi, ƙafarsa ta gajarce ta juya waje, kamata ya yi ya ce "wanga ba nawa ba ne, ku kai shi likita". Akwai masu yin haka, Allah ya saka musu. Muna roƙon sauran su bi sahu.

Haka ma tsaga da sakiya da ƙaho bisa ƙugun da ke ciwo. Ban da cewa ba su kai ga ƙashin, in wurin ya yi ruwa ko gyambo, likita ba zai yarda ya sa ƙarhe ba sai ya warke sarai. An ƙara wa mara lahiya wata da watanni ke nan.

To mene ne aikin kansa? Likita ya buɗe wurin, ya yanke mataccen kan ƙashin, ya gyara ramin kwatangwalo ya sa mishi wani ƙoƙo, sannan ya soka wani ƙarhe cikin ɓargon ƙashin cinya, mai ƙwallo a kansa, ƙwallon ya zauna cikin ƙoƙon. Sabuwar taɓarya, sabon turmi. Aikin awa ɗaya ne zuwa biyu, kuma sau da yawa da allurar baya ake yi, irin wadda ake yi wa mata in za a hiddo jariri. A ranar ko washegari ake tsayar da mutum. Ya yi 'yan makonni da sanda, zuwa wata uku yawanci ya koma harkokinsa. Ga tsohon da wuyan ƙashinsa ya karye, wani lokaci ƙwallon kaɗai ake sauyawa, a bar turmin na ainihi.

Wani likita ɗan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita aikin yadda aka san shi yau, a likitar Wrightington, cikin 1962. Bai samu a sauƙaƙe ba. Robar da ya fara yin ƙoƙon da ita ta cinye cikin 'yan shekaru, dole ya sake buɗe mutane da yawa ya cire ta, kahin ya dace da wadda ta yi ƙarko. Cikin 2007 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani rubutu da ya kira shi aikin hiɗa na ƙarni, kuma yanzu ana yi wa sama da mutum miliyan ɗaya kowace shekara a duniya. Cikin 2019 mujallar ta sake buga wani bincike da ya tattara rajistar ƙasashe, ya nuna cewa kusan 89 cikin 100 na ƙarahunan na nan suna aiki bayan shekara 15, kusan 58 cikin 100 kuma har bayan shekara 25.

Waɗanga alƙaluma na da daɗin ji, amma mu faɗi gaskiya, na ƙasashen da ke da komai ne, kuma yawancin waɗanda aka ƙirga dattawa ne. Yaron da aka yi wa yana ɗan shekara 25 zai hi ƙarhen daɗewa, in Allah ya ba shi rai, kuma wata rana sai an sake. Aiki na biyu ya hi na farko wuya da tsada. Mai emasi kuma sai an shirya shi sosai: a duba jininsa, sau da yawa a ƙara mishi jini kahin aiki, a tabbata bai rasa ruwa da iska da ɗumi ba, don kada ciwon ya tashi bisa gadon hiɗa. Ƙashinsa na da wuyar aiki, kuma ƙwayar cuta ta hi saurin kama shi. Ƙarhen da cuta ta shiga kuwa bala'i ne, wani lokaci sai an cire shi baki ɗaya. Duk wanda ya ce muku aikin kamar cire haƙori ne, ku yi hankali da shi.

Duk da haka, mu auna. Gehe guda akwai shekara 15 ko 20 na tahiya, da sana'a, da aure, da barci ba tare da kuka ba. Ɗaya gehen akwai shekaru iri ɗaya bisa tabarma, ana haɗiyar tramol da diklo har ƙoda da ciki su lalace, ko yaron ya zama bawan ƙwaya. Shekarun ƙuruciya ba su dawowa. Wanda ya ce wa ɗan shekara 20 ya yi haƙuri sai ya tsufa a yi mishi, ya cinye mishi abin da ba a biya.

Tsoron da muke ji a bakin jama'a mun san shi. Wai ƙarhe zai yi tsatsa a jiki, wai zai jawo aradu da damina, wai mace ba za ta haihu ba. Ƙarahunan da ake sawa irin su titaniyom ne da ba su tsatsa, aradu kuma ba ta da wata hulɗa da su. Mata da yawa sun yi ciki sun haihu bayan aikin. Sau da yawa ma ƙugun da ya ƙage ya hi hana zaman aure da wahalar da haihuwa. Masu tambayar ko addini ya yarda, malamai kan kafa hujja da sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Salla a zaune ga wanda ba ya iya tsayuwa ko sujada kuwa, kowane ɗalibin zaure ya san hukuncinta.

Tsoron da ke da tushe shi ne na tsugunno. Rayuwarmu duka a ƙasa take: tabarma, makewayi, girki, wanki, zaman tahiya a salla. Bayan aiki kuwa, musamman makonnin farko, ana hana mutum lanƙwasa ƙugu sosai ko harɗe ƙafa, don kada ƙwallon ya goce daga ƙoƙon. Takardun da aka rubuta don mutanen Faransa ba su san makewayinmu ba. Amma wanga ba abin da ya gagara ba ne. Mai walda na unguwa na iya haɗa kujera mai rami a ɗora bisa shadda, kahinta ya yi gado mai ɗan tsawo, a samu kujerar salla. Iyali su shirya waɗanga kahin ranar aiki, kada a bari sai an sallamo mutum a fara neman yadda za a yi. Akwai kuma wani irin ƙoƙo mai motsi biyu da wani likitan Faransa, Gilles Bousquet, ya ƙirƙiro a Saint-Étienne cikin shekarun 1970, wanda ke rage gocewa ƙwarai. Mutanen da ke zaune a ƙasa irinmu na da hakkin su tambayi likita ko shi ya dace da su.

Yanzu mu zo ga inda gizo ke saƙar, wato kuɗɗi.

Ana yin wanga aiki a Yamai. Mutanen Maraɗi da Damagaram kuma sun san hanyar Kano, inda asibitin ƙashi na Dala yake tun 1959. Masu hali su hau jirgi zuwa Tunusiya ko Maroko ko Indiya ko Turkiyya. Amma ƙarhen daga waje ake sayo shi, da kuɗɗin waje, kuma in aka haɗa shi da aikin da gado da jini da magani da gashi, magana ce ta miliyoyin sefa ga gehe guda. Mahi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne a wata. Manomin Tasawa ko Mirya ko Madawa sai ya sayar da gona da bisashe, kuma wataƙila ba su kai ba. In gehe biyu ne fa? Shi ya sa muke ganin hotunan yara a WhatsApp da Facebook, ana biɗar taimako, ana tara dala-dala. Allah ya saka wa masu bayarwa. Amma ƙasa ba ta tahiyar da lahiyar ɗiyanta da bara, don wanda ya san mai waya da mabiya da yawa shi ke samu, na ƙauye ko hotonsa ba a ɗauka ba.

Gomnati ta nuna tana iyawa in ta so. Kusan shekara 20 ke nan da aka ce hiɗar haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, ko da yake kowa ya san yadda bashin ya dinga taruwa wa likitoci. Cikin 2024 an rage kuɗɗin ayyukan lahiya da rabi a likitocin gomnati. Cikin 2016 aka buɗe babbar likitar Yamai ta Référence, kuma ɗaya daga dalilan gina ta shi ne a rage hita da marasa lahiya waje. Maraɗi ma ta samu tata. Akwai cibiyar ƙasa ta masu emasi a Yamai. Jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram na yaye likitoci. Gini akwai, kwanya akwai. Abin da muke gani ya rage shi ne ƙarhen kansa ya shigo lissahin hukuma. In kowane mara lahiya shi zai biɗi nashi ta hannun dillali, ɗaya-ɗaya, dole ya yi tsada. In kuwa hukuma ta saye da yawa lokaci guda, ta hannun ma'aikatar sayen magani ta ƙasa, daga kamfanonin da aka tabbatar da ingancinsu, farashi zai sauka, kuma likita zai samu kowane awo a ajiye, maimakon ya sa wanda ya samu.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu na da nauyi. Ƙasar da masassarar cizon sauro ke kashe yara kowace damina, inda mata ke mutuwa wajen haihuwa don babu jini, ita za ta kashe miliyoyi kan ƙugun mutum ɗaya? Da kuɗɗin nan gidan sauro nawa za a saya? Gaskiya ne, kuma ba mu ce a ɗebo daga kason yara a sayi ƙarhe ba. Cewa muka yi a dubi abin da ake kashewa wajen hitar da mutane waje, jirgi da masauki da ɗan rakiya, a gaya wa jama'a nawa ne a shekara, kuma su wa ke tahiya. Kuɗɗin da zai kai babban mutum ɗaya Tunis ya dawo, ƙugun yara nawa zai sauya a Maraɗi? Sannan gurgunta ma ba kyauta ba ce. Saurayin da ya kwanta ya bar noma, uwa ko ƙanwa ta bar tata sana'a tana jinya, ana sayen magani kowane mako shekara da shekaru. Ana biyan kuɗɗin nan, sai dai talaka ne ke biya a ɓoye, shi ya sa ba ya hitowa a takardar kowa. Kuma mu da muka yi ƙoƙari muka raya mai emasi ya wuce shekara 5, da allura da ƙarin jini da kwanan likita, don me za mu sake shi daidai lokacin da ya kai ƙarhi?

Wani abu da ba ya buƙatar miliyoyi shi ne a gano ciwon da wuri. Mutuwar ƙashin tana da matakai. Kahin kan ya ruhta, akwai ƙaramin aiki da ake yi, a huda ƙashin a rage mishi matsi, tare da sanda da rage ɗaukar kaya, wanda kan jinkirta lalacewar ga wasu. Matsalar ita ce a farkon ciwon hoton radiyo kan hito lahiya lau, sai na'urar IRM ke ganinsa. Sai a ce wa yaron "ba ka da komai", a rubuta mishi ordinas na maganin zahi, ya koma gida shekara biyu. Ya kamata kowane ma'aikacin lahiya, har na ƙaramar likitar ƙauye, ya san cewa mai emasi da ke kukan matsematsi ko gwiwa sama da 'yan makonni, ko ya fara ɗingishi, ko ya kasa zaman tahiya, to a tura shi ga likitan ƙashi ko da radiyo bai nuna komai ba. Iyaye ma su riƙe wanga. Ranar 19 ga watan Yuni ta kowace shekara ana taron ranar emasi ta duniya, ana jawabi ana raba riguna. A ƙara maganar ƙugu cikin jawabin. Awon jini kahin aure kuwa mun sha faɗa, za mu kuma ci gaba da faɗa.

Sai batun baƙin likitoci da kan zo daga waje su yi mako guda ko biyu suna aiki kyauta ko da rahusa. Muna godiya, mutane sun tashi ta dalilinsu. Amma kwatangwalo ba aikin da ake yi a juya baya ba ne. In ƙwallon ya goce bayan wata biyu, ko wurin ya fara ruwa, baƙon yana ƙasarsu. Duk ayarin da zai zo, a sa mishi sharaɗi ya yi aiki tare da likitocinmu, hannu da hannu, ya bar kayan aiki da irin ƙarhen da ya sa, a kuma rubuta sunan kowane mara lahiya cikin rajista guda da za a dinga bi. Haka ma masu gashin ƙashi, waɗanda muke ce wa kine: in babu su a Tawa ko Damagaram yadda ya kamata, an yi rabin aiki ne.

Ga wanda Allah ya hore wa, ya tara kuɗɗin, ko dangi suka haɗa mishi, ko a gida za a yi ko a waje, kada kunya ta hana shi tambaya. Likitan nan sau nawa yake yin irin wanga aiki, kuma ya taɓa yi wa mai emasi? An tanadi jini? Wa zai duba ni in na koma gida, kuma ina zan je in wurin ya kumbura ko na fara masassara? A gyara ruɓaɓɓen haƙori da duk wani gyambo kahin ranar, don daga nan cuta kan bi jini ta sauka kan ƙarhe. Mai shan taba ya aje ta. Kuma kada a baro likitar sai an karɓi takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin ƙarhen da lambarsa da awonsa, tare da hoton radiyon farko. A aje su inda ake aje takardar gona, don likitan da zai sake buɗe wurin bayan shekara 15 ko 20 su zai fara tambaya.